Haƙorin Dariya Shi Ke Cizo

'Ya'yana da ke sakandare, akwai wani littafi da nake so mu yi magana a kansa, ko da ba ku taɓa riƙe shi a hannu ba. Sunansa Smile. Wata Ba'amurkiya mai suna Raina Telgemeier ce ta rubuta shi, ta kuma zana shi da hannunta, ya fito a 2010. Labari ne cikin zane, irin wanda ake yanka kowane shafi gida-gida, maganar mutane na fitowa cikin 'yan da'irori a saman kawunansu. Ba ƙagaggen labari ba ne. Rayuwarta ce tun daga aji shida har ta shiga babbar sakandare a birnin San Faransisko. Yana da ban dariya ƙwarai, amma duk malamin da ya daɗe yana tsayawa gaban allo, in ya karanta shi, zai ga fuskokin ɗalibansa a ciki.

Tana 'yar shekara 11 abin ya faru. An dawo da ita gida da dare daga taron 'yan sikawut, suka sa tsere da ƙawayenta zuwa ƙofar gida, ta yi tuntuɓe ta kife. Haƙorin gaba ɗaya ya fita fit, ɗayan ya nutse cikin dasashi. Likita ya mayar da su, amma suka zauna sama da 'yan'uwansu, suka manne da ƙashi, wayar gyaran haƙori ta kasa jawo su. Dole aka cire su duka biyun. Aka yi mata wata roba mai ɗauke da haƙoran jabu biyu da take maƙalawa a ganɗa, daga baya aka sake sa waya aka riƙa matso da sauran haƙoran tsakiya a hankali don su toshe giɓin. Da dare kuma akwai wani ƙarfe mai maɗauri da ke zagaye kanta. Sama da shekara 4 ta yi tana wannan sintiri tsakanin makaranta da ɗakin likita, kuma shekarun da suka fi kowanne nauyi a zuciyar yarinya ne, lokacin da madubi ke zama abokin shawara.

Kafin in wuce, ga wani ɗan ilimi da zai iya yi muku rana a filin wasa. In haƙorin girma ya fita, a ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a kankare shi. A ɗauraye shi kaɗan, a mayar da shi gurbinsa in zai yiwu, in ba zai yiwu ba a jefa shi cikin madara, a garzaya wurin likitan haƙori cikin awa guda. Sau da yawa yakan kama.

Ke 'yata, na san naki ba lallai haƙori ba ne. Wata kurajen fuska ne suka hana ta sakat, wata tsawo ne ya yi mata yawa har take tafiya a sunkuye, wata ƙiba, wata rama, wata baƙin fata, wata kuwa ƙirjinta ne ya riga na tsaranta fitowa, ko ya makara. Kai ma ɗana, muryarka ta fara fashewa, ko kuwa duk ajinku sun yi gemu kai kaɗai ka rage. A shekarun da na yi ina koyarwa a makarantar kwana ta 'yan mata, na san wata yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa da haƙoranta na sama suka ɗan turo. Duk lokacin da dariya ta kama ta, sai hannunta ya kai ga gefen hijabi ya ja shi kan baki, tun kafin dariyar ta fito. In na yi tambaya, ina ganin amsar a idonta, ina ganin leɓenta na motsi a bayan ƙyallen, amma hannun ba zai tashi sama ba. A takarda ita ce ta ɗaya. A baki kuwa, sai a yi zango guda ba a ji muryarta a aji ba. Ba haƙoran ne suka yi mata wannan asarar ba. Tsoron idon mutane ne.

Shi kuwa idon mutanen nan, bai kai yadda kuke zato ba. A 2000 wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Cornell a Amurka, Thomas Gilovich, da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji. Sun sa ɗalibai sanya riga mai hoton wani mawaƙi da matasa ke jin kunyar a gan su da shi, suka tura su cikin ɗaki mai mutane, sannan suka tambaye su mutum nawa suke jin sun lura da hoton. Masu rigar suka ce wajen rabi. Da aka tambayi mutanen ɗakin, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka lura. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kowa na fama da tasa rigar. Yarinyar da kike jin ta ƙura wa kurajenki ido a wurin asambuli, wataƙila tunaninta na kan yagaggen takalminta. Jiki kuma ba ya tafiya da kalandar makaranta. Balaga kan fara wa 'ya mace tsakanin shekara 8 zuwa 13, ga namiji tsakanin 9 zuwa 14, don haka aji ɗaya zai iya haɗa wanda ya yi nisa da wanda bai soma ba, kuma dukkansu lafiyarsu ƙalau. Kurajen fuska ma ba ƙazanta ke kawo su ba, sinadaran balaga ne ke sa fata yawan maiƙo. Matsa su da farce shi ke barin tabon da zai daɗe bayan su sun tafi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a littafin nan ba wahalar likita ba ce. Ƙawayen Raina ne.

Yarinyar tana da ƙawaye tun na ƙuruciya, tare suke cin abinci, tare suke zuwa bikin zagayowar ranar haihuwa. Su ne kuma ba sa barin rana ta wuce ba su soke ta da magana ba. Yau haƙoranta, gobe kitsonta na yara, jibi kayan jikinta. In ta ɓata rai, sai a ce ai wasa ne, ke ba ki san wasa ba. Har akwai ranar da suka taru suka yi mata kwalliyar banza, suna zuga ta cewa haka za ta burge wani yaro da take so, ita kuwa ta yarda da su, sai da suka gama suka fashe da dariya. Ta ji zafi, amma washegari tana cikinsu. Me ya sa? Domin a ganinta, mai giɓi da ƙarfe a baki ba ta da zaɓi, waɗanda suka yarda ta zauna kusa da su ma sun yi mata alfarma. A nan haɗarin raina kai yake. Wanda ya ɗauki kansa ba komai ba, duk farashin da aka sa masa sai ya karɓa.

Hausawa suka ce haƙorin dariya shi ke cizo. Maƙiyi na fili ba ya iya yi maka irin wannan rauni, domin bai san inda ke maka ciwo ba. Ƙawar da kika gaya wa cewa kina jin kunyar hancinki, ita ce ta san inda za ta taɓa ranar da take son ajin ya yi dariya.

Ba ina cewa ku daina wasa da juna ba. Mu mutane ne masu wasa, muna da na jika da kaka, muna da na taubasai, muna da na gari da gari, kuma rayuwar makarantar kwana ba ta yiwuwa babu tsokana. Sai dai ku lura da yadda wasan gaskiya yake. Yana zagayawa, yau a kanka gobe a kaina. Wanda ake tsokana yana da bakin ramawa, kuma yana dariyar har cikinsa. In fuskarsa ta canza, ana tsayawa. To in kika ga kullum ke ce abin dariyar, kullum a kan abu ɗaya ne wanda ba ki da ikon canzawa, an fi yin sa in akwai baƙin ido, kuma in kin nuna ɓacin rai laifin ya dawo kanki, wannan ya tashi daga wasa. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma su ma suna ganin fuskarki. Sun san abin da suke yi.

Ita marubuciyar sai da tura ta kai bango. Ba ta daɗe da shiga babbar sakandare ba, tana tsaye lokacin hutun cin abinci, biyu daga cikin ƙawayen suka lallaɓo ta baya suka ja siket ɗinta ƙasa a gaban ɗalibai. Ta ruga banɗaki tana kuka. Suka biyo ta, ba don su ba ta haƙuri ba, sai don su sake gaya mata cewa wasa ne. A nan ta buɗe baki ta faɗa musu ta gama da su, ta fita. Littafin bai yi wa mai karatu ƙarya ba game da abin da ya biyo baya: ta yi kwanaki tana cin abinci ita kaɗai. Wannan kaɗaicin shi ne abin da kuke tsoro, na sani, shi ke sa yarinya ta shekara uku a ƙarƙashin wadda ke wulaƙanta ta. Amma kaɗaicin bai daɗe ba. Da ta bar wancan gungu ne ta fara ganin sauran mutanen makarantar, waɗanda da can suna nan, idonta ne bai kai kansu ba. Ta samu sababbin ƙawaye masu son abin da take so. Ranar da aka cire mata wayar, ta dubi madubi ba ta gamsu da haƙoran ba, amma waɗannan ƙawayen ba su ga wani abin magana a bakinta ba.

Fatana gare ki, 'yata, kada ki jira sai an kai ga irin ranar siket. Ba sai kin yi faɗa ba, ba sai kin tara mutane ba. Ki faɗa sau ɗaya, a natse, ba cikin dariya ba: wannan maganar tana ɓata mini rai, ku daina. Ƙawar kirki za ta ji kunya ta daina, wataƙila ma da gaske ba ta san tana cutar da ke ba. Wadda ta mayar da maganarki sabon abin dariya, ta ba ki amsa. Ki ja jikinki a hankali, ku gaisa in kun haɗu, amma ki ɗauke kwanonki ki koma wani teburin.

Kai kuma ɗana, kada ka ce wannan zancen mata ne. Da yawanku kun san Diary of a Wimpy Kid na Jeff Kinney, wanda ya fito a littafi a 2007, domin yana yawo a shagunan littattafai da jakunkunan 'yan makaranta a biranenmu. Yaron cikinsa, Greg, ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi. Kullum yana lissafin matsayinsa a jerin waɗanda aka fi sani a makaranta, yana kuma jin kunyar amininsa Rowley saboda yarintarsa. Wata rana ya tsorata yaran nazire da tsutsa yana sanye da rigar sanyin Rowley, aka ɗora wa Rowley laifin, aka tuɓe shi daga muƙaminsa na mai raka yara gida, Greg ya yi gum da bakinsa. Kuna dariya in kun karanta, kuma marubucin don ku yi dariyar ya rubuta. Amma ku tambayi kanku wane ne ku a cikin labarin. Mafi yawan yaran da na gani suna laƙaba wa wani suna, ba ƙarfi ne ya yi musu yawa ba. Suna gudun kada idon ajin ya juyo kansu ne, sai su riga nuna wani. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abin da ya ɗan wanke Greg a ƙarshe shi ne ranar da manyan yara suka tilasta wa Rowley cin wani ruɓaɓɓen cuku da ya daɗe yashe a filin wasa, wanda duk makarantar ke ƙyamar wanda ya taɓa shi. Da ɗalibai suka taru suna tambayar ina cukun, Greg ya ce shi ya ɗauke shi, ya karɓi ƙyamar a madadin abokinsa. Ya yi asarar matsayin da yake ta lissafi, ya dawo da amininsa.

Sunan tsokana ba ƙaramin abu ba ne. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙubba, ta kuma ambaci maza daban, mata daban, don kada wani ɓangare ya ce ba da shi ake ba. Na ga manyan mata, da 'ya'yansu da aikinsu, da suka ƙi zuwa taron tsofaffin ɗalibai saboda sunan da aka sa musu a aji ɗaya. Wadda ta raɗa sunan ta manta da shi tuntuni. A zamaninmu ma abin yana ƙarewa ne a bakin ƙofar makaranta. Ku naku yana bin mutum har kan katifarsa ta WhatsApp da TikTok, kuma hoton da aka ɗauka cikin wasa aka tura wa mutum biyar, babu mai iya kiran sa ya dawo. Kafin ka danna turawa, ka tuna mai hoton yana da uwa.

Akwai kuma inda raina kai ke kai yarinya ta cutar da jikinta da kuɗinta. Ina nufin man bilicin. Ana fara shi ne da ɗan kwalba da wata ƙawa ta kawo daga hutu, a ce ai na goge tabon kuraje ne kawai. Bayan wata biyu fuska ta yi haske, gaɓoɓin yatsu sun ƙi, kumatu sun yi ja kamar an ƙona, jijiyoyi sun fito kore a ƙarƙashin fata. Da yawa daga cikin waɗannan mayukan, musamman na haɗi da ake sayarwa babu suna, suna ɗauke da sinadarai masu ƙarfi da ke sa fata ta yi siriri, rauni ya ƙi warkewa da wuri, wasu kuma har ƙoda suke taɓawa. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu. Kurajen da kike gudu, shekaru kaɗan ne za su tafi da kansu. Fatar da aka ƙona kuwa, da ita za a shiga ɗakin aure, da ita za a tsufa. In kurajen sun yi tsanani, akwai likitan fata, akwai magani na gaskiya.

Wannan ya kawo ni ga iyaye. Abu ɗaya da yarinyar littafin ta yi dace da shi shi ne uwar da ke tsaye a bayanta. Akwai ranar da wani likitan dasashi ya yi mata aiki mai zafi har ta fita hayyacinta, uwar ta tsaya ta wanke shi tas. Mu a nan kunya takan shiga tsakanin 'ya da uwa, musamman 'yar fari, har yarinya ta gwammace ta kai damuwarta wurin tsararta, wadda ita ma ba ta san komai ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ba za ki iya da Umma ba, akwai gwaggo, akwai inna, akwai yaya, akwai malamar da kika ga tana da riƙon sirri. In wani na taɓa jikinki ko yana tozarta ki da sunan wasa, ko siniya ce, ko ɗan ajinku, ko babba, wannan ba abin haƙuri ba ne, abin gaya wa manya ne, a ranar. Haka kai ma, ɗana. Namiji ya ce abu na damunsa bai rage masa komai ba.

Wani abin da nake girmama marubuciyar a kansa shi ne ba ta zana kanta a matsayin marar laifi ba. Akwai wani yaro ɗan ajin ƙasa da ita da ya nuna yana ƙaunarta da zuciya ɗaya, ita kuwa hankalinta na wani wuri, ta yi watsi da shi ta hanyar da ta ƙona masa rai, kuma ta sa wannan a littafin. Wanda ake cuta ma yana iya cutar da wani, sau da yawa ba tare da ya lura ba, domin ciwonsa ya rufe masa ido. Ku riƙa waiwayawa ƙasa, ga 'yan aji ɗaya da ke kallon ku kamar yadda kuke kallon na sama da ku.

A tsakiyar duk wannan, a ranar 17 ga Oktoba 1989, girgizar ƙasa ta afka wa yankin San Faransisko, ta kashe mutum 63. Marubuciyar ta zana daren a littafin, iyali a tattare babu wutar lantarki, kowa na godiya da ya tsira, babu mai tuna haƙori. A shekarar ce kuma ta ga fim ɗin katun na Disney, The Little Mermaid, ta fito daga silima da ƙudurin zama mai zane. Wannan ƙudurin ne ya riƙe ta. Tun tana zane a gefen littafin rubutu, har ta kai ga zana allunan sanarwa na bukukuwan makaranta, kuma a wurin aikin ne take mantawa da bakinta. Ta fara sakin labarin shafi-shafi a intanet a 2004, kamfanin Scholastic ya buga shi, a 2011 ya ci lambar Eisner, wadda ke cikin manyan lambobin yabo na littattafan zane a Amurka. Shekarun da ta so a ce ba a yi su ba, su ne yara a ƙasashe da dama ke karantawa suna samun sauƙi.

Ba kowa zai zama marubuci ba, amma kowannenku yana da abin da in ya sa hannu a kai yakan manta ana kallon sa. Wata lissafi ne, wata ɗinki, wata tilawa, wani ƙwallo, wani gyaran rediyo da waya, wani muhawara. Ku ba wannan abin lokacin da kuke ba madubi. A wurinsa ne za ku haɗu da mutanen da za su san ku da abin da kuka iya, kuma irin wannan abota ta fi ta teburin gulma ƙarko nesa ba kusa ba.

Masu hannun zane a cikinku kuwa, ina da buƙata a wurinku. Ina so in ga irin wannan littafin da Hausa, wanda ɗayanku ya zana, da makarantarmu a ciki: layin famfo da asuba, ƙararrawar ɗakin cin abinci, garin kwaki da ƙuli-ƙuli a ƙasan akwati, siniyar da ke aiken mutum ɗebo ruwa ana tsakiyar karatun dare, ranar ziyara da wanda ba a zo masa ba. Littafin rubutu mai shafi 40 da biro sun isa a fara. Ku raba shafin gida shida, ku zana abin da ya faru jiya a ajinku, ku canza sunayen mutane, sannan ku nuna wa malamin Hausa ko na zane ya duba muku.